'Yan Sanda a Ƙofar Mai Takaba

Ni na kira wa ƙanena 'yan sanda, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba. Na faɗi wannan tun da farko ne saboda a unguwarmu Diguel an riga an gama yanke mini hukunci, kowa da irin labarin da yake bayarwa, har da waɗanda a ranar suna can Kousseri suna cinikin tumatir.

Babanmu, Alhaji Yahya mai atamfa, ya rasu ana tsakiyar zafi. Inna ta shiga takaba a ɗakinta, aka saki labule mai kauri a ƙofa, ta ajiye kwalli da turare, ta koma magana ƙasa-ƙasa. A ƙofar gida kuwa ba a naɗe tabarmi ba ko da aka yi sadakar bakwai. Kakannin Baba hanyar Makka suka kamo daga ƙasar Katsina, suka yada zango a garin nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Saboda haka danginmu a warwatse suke, kullum sai an sami wanda labari bai kai masa da wuri ba. Ƙanen Baba, Baffa Inusa, shi yake zama gindin darbejiya yana karɓar gaisuwa. A cikin gida kuma ƙanwarsu Gwaggo Shatu ce ta zo daga Kousseri taya Inna zama.

Ni sunana Safiyatu. Ina aure a Ngueli, ina sayar da gwanjo a kasuwar Dembé. Kullum in na tashi daga kasuwa sai in hau kilando, babur ɗin haya, in biya Diguel in yi wa Inna wanki da girki kafin in kama doguwar hanyar gida. Ban taɓa jin nauyin wannan ba. Abin da yake mini nauyi shi ne Gado.

Gado shi ne auta, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, kuma ya ba shekara talatin baya. Arge yake sha, barasar nan da ake dafawa a lungu, mai warin da ko an wuce da ita a cikin jarka sai ka juya kai. Duk unguwa an sani. Amma a gidanmu ba a taɓa kiran abin da sunansa ba. Sai dai a ce Gado ba ya jin daɗi, ko a ce abin nasa ya motsa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yanka zakara. Ni na ce giya ce, aka ce bakina ya yi kaifi. Da Baba yana raye, gyaran murya ɗaya yake yi daga ɗaki, Gado ya lallaɓa ya kwanta. Da aka binne Baba, babu sauran mai gyaran murya a gidan.

Wata rana na zo yi wa Inna tsifa, na ga wuyan hannunta na dama ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi. Na tambaya. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Na dubi hannun da kyau. Santsi ba ya barin shatin yatsu huɗu.

A ranar na fita na sami Baffa Inusa, na durƙusa na ce ina so in tafi da Inna gidana, ta ƙarasa takabarta a can. Maigidana Dawuda ya yarda, har ya kwashe kayansa daga ɗaki ɗaya. Baffa ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Mace a ɗakin mijinta take takaba, Safiyatu. Ba ni na kafa ba. In ta fita, ki kai ta duk inda kike so.”

“Baffa, saura fiye da wata uku.”

“Allah ya kai mu,” in ji shi, ya ci gaba da jan carbi.

To ka ji inda aka tsaya. Inna ba ta fita, sai dai Gado ya fita. Gado kuwa me zai fitar da shi daga gidan da ake ba shi tuwo, a wanke masa riga, a kuma ce iskoki ne?

Ranar da abin ya faru na baro kasuwa da wuri, don zafi ya kori masu saye. Na iso bayan azahar da ƙullin kifi a hannu. Tun daga bakin layi na ji muryarsa. Baffa yana zaune da baƙi biyu a tabarma, dukansu sun ƙura wa ƙasa ido, suna hirar tsadar siminti da ƙarfi don su danne abin da yake fitowa daga cikin gida. Na gaishe su a tsaitsaye na wuce.

Gado yana tsakar gida yana tangaɗi, riga a yage, ido jawur. Makullin babur ɗin Baba yake nema. Inna ta ɓoye shi tun ranar rasuwa, don ta san in ya hau a haka gawarsa za a kawo mata. Ya riga ya fasa randa, ruwa ya malale har bakin murhu. Gwaggo Shatu ta maƙale a jikin bango tana ta “Gado, ka ji tsoron Allah, akwai baƙi a waje.” Baƙin ne damuwarta.

Na ajiye kifin na ce, “Gado, fita.”

Ya juyo ya dube ni, ya yi dariya. “Yaya 'yar gwanjo. Gidan ubanki ne ke kaɗai?”

“Na ce ka fita.”

Bai ko sake kallona ba. Ya ɗauki taɓarya ya maka wa ƙofar ɗakin Inna, ƙarfen ya yi ƙara har kajin maƙwabta suka watse. Inna ta ɗaga gefen labule tana ce masa ya yi haƙuri, ya je ya kwanta, in ya tashi za a yi magana. Sai ya yar da taɓaryar ya cafki hannunta, hannun nan dai mai kumburi, ya murɗe yana cewa ina makulli. Inna ba ta yi kuka ba. Wani ɗan sauti kawai ta yi ta durƙushe a bakin ƙofa. Wannan karon ba labari aka ba ni ba, da idona na gani.

Na ture shi da duk ƙarfina, ya faɗi zaune cikin caɓalin ruwan randa yana zagina. Na fito waje, na wuce Baffa da baƙinsa, na tsaya tsakiyar layi na kira komisariya, ofishin 'yan sandan unguwa. Da Larabci na yi magana, yadda ake yi da hukuma a garin nan, kuma ban rage murya ba. Na ce wani mashayi yana dukan tsohuwa, na kwatanta gidan. Aka ce ana zuwa. Da na juyo, Baffa ya daina jan carbi.

“Wa kika kira?”

“Waɗanda za su fitar da shi, tunda ku kun kasa.”

Ban taɓa yi wa Baffa magana haka ba. Baƙin nan biyu suka tuna suna da uzuri, suka nemi takalmansu.

Da 'yan sandan sun zo a lokacin, da labarin ya ƙare a nan. Amma ba su zo ba. Na tsaya a rana ina leƙen bakin layi, gumi yana bin bayana, duk babur ɗin da ya karyo kwana sai in zaci su ne. Na sake kira, aka ce mota ta fita wani aiki, in yi haƙuri. Har aka kira la'asar.

Cikin wannan jiran gidanmu ya nuna gwanintarsa. Mutanen da suka shekara goma ba su iya raba Gado da kwalba ba, kafin ka ce me sun gyara tsakar gida tsaf. Gwaggo ta tsince ɓaraguzan randa ta zuba a bayan murhu, ta mayar da taɓarya cikin turmi, ta watsa ruwa a sauran filin don jiƙar ta zama iri ɗaya. Ta kunna turaren wuta. Ta ɗora shayi. Shi kuwa gogan, ƙarfin argen ya fara sakinsa, ya zauna jingine da bango yana kuka yana kiran Baba. Ina tsaye a zaure na ji muryar Inna a hankali.

“Auta. Taso ka zo nan.”

Ya rarrafa ya shiga ɗakin. Labule ya koma ya rufe.

Na ce, “Gwaggo, me ake yi haka?”

Ta ce, “Ana rufa wa ubanki asiri, tunda ke kin ɗauko tonawa.”

Sai ga su a wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Su biyu ne: wani dattijo mai furfura a gemu, wanda na ji ana kira Birgadiye Abdallah, da wani dogo da ke tuƙi. Kafin su kashe mota layi ya cika. Matan maƙwabta sun fito da tsintsiya a hannu, wai shara suke yi da la'asar sakaliya.

Baffa Inusa ya miƙe da sauri irin wanda ban san yana da shi ba, ya tare su da hannu biyu. “Lale, lale, marhaba. Bismillah, ga tabarma.” Sannan ya juya wajen masu sharar nan, ya ce da Hausa, da ƙarfi yadda har na ƙarshen layi zai ji, “Mutanen marigayi ne na kasuwa. Sai yau suka sami labari.”

Birgadiyen bai zauna ba. Ya tambaya da Larabci wa ya kira. Na matso na ce ni ce. Ya ce ina mashayin, ina tsohuwar.

A nan na yi abin da har gobe in na tuna sai in ciji yatsa. So nake ya ji girman abin, ya san ba rigimar 'yan uwa ba ce ta yau da kullum. Sai na ce, “Mahaifiyata ce. Mijinta ya rasu, takaba take yi, ko wata ba ta cika ba. A cikin takabar ɗanta ya murɗe mata hannu.”

Na zaci zai fusata. Sai na ga fuskarsa ta sauya ta wata hanya dabam. Ya dubi tabarmi, ya dubi buta da carbin Baffa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

“Inna lillahi. Allah yarhama,” ya ce. “Ba a gaya mana gidan rasuwa ba ne.”

Ya tuɓe takalmi ya hau tabarma. Dogon ma ya bi shi. Baffa ya ɗaga hannu, suka ɗaga, masu shara suka jingine tsintsiya suka ɗaga. Aka yi wa Baba addu'a mai tsawo, aka shafa. Ni ma na shafa, don ubana ne, ba yadda zan yi. Kafin hannuna ya sauka daga fuska, Gwaggo ta turo tire da shayi da dabino. Ina tsaye ina kallo 'yan sandan da na kira su kama mutum suna kurɓar shayin sadaka, Baffa yana ba su labarin yadda marigayi ya yi jinya.

Na ce, “Birgadiye, mutumin yana ciki.”

Gaskiya zan faɗa, ba malalaci ba ne. Ya ajiye kofi ya ce a yi masa iso. Baffa ya yi ta kwana-kwana, amma ya nace, aka shiga da shi tsakar gida. Ya dubi ƙasa a jiƙe.

Gwaggo ta ce, “Yayyafi muka yi, saboda zafi.”

Ya dubi ƙofar ɗakin Inna inda taɓarya ta lotsa ƙarfe.

“Tsohon lotsi ne,” in ji Gwaggo. “Tun ranar da aka shigo da gadon kwana.”

Na ce ƙarya ne, na nuna masa bayan murhu inda ɓaraguzan randa suke. Ya gani, ya gyaɗa kai. Ya tambaya ina Gado. Baffa ya ce ai yaron ya ɗan yi hayaniya ne, zafin rashin uba, ya fita tun ɗazu. Na ce yana cikin ɗakin nan, bayan labulen nan, a ɗaga a gani.

Birgadiye Abdallah ya matsa kusa da ƙofar, sai ya tsaya nesa kaɗan, ya juya mata baya. Ya sunkuyar da kai ya yi sallama kamar mai neman izinin shiga masallaci.

Baffa ya ce, “A al'adarmu mai takaba ba ta magana da baƙon namiji. Sai dai a kai mata saƙo.”

“Mu ma haka ne,” in ji Birgadiyen.

Aka shiga wasan da ban taɓa ganin irinsa ba. Ya yi tambaya da Larabci: Hajiya tana lafiya? Gwaggo ta kutsa kai bayan labule, ta yi ƙus-ƙus, ta fito ta ce tana lafiya, tana godiya. Akwai wanda ya taɓa ta? Gwaggo ta shiga ta fito: babu. Akwai wani a ɗakin? Ta shiga ta fito: ita kaɗai ce. Inna tana jin Larabci sarai, a unguwar Dembé aka haife ta, kuma tsakaninta da shi bai fi tsawon tabarma ba. Amma kowace kalma sai ta bi ta bakin Gwaggo, ta fito a wanke.

Ya ce ko Hajiya za ta miƙo hannunta ta gefen labule ya gani, hannu kawai. Baffa ya ce subhanallahi. Na ce to a kawo 'yar sanda mace ta shiga. Ya ce suna da guda ɗaya, amma yau an tura ta wani wuri, sai dai gobe, kuma ko goben sai in Hajiya da kanta ta yarda a shiga.

Ana cikin haka sai ga minshari daga cikin ɗakin. Ba ƙarami ba, irin na wanda ya sha ya yi tatul ya baje. Dogon ɗan sandan ya juya kai yana kallon sama, kafaɗarsa tana rawa.

Gwaggo ko kunya babu ta ce, “Mura ce take damun Hajiya.”

A nan haƙurina ya ƙare. Na yi tsalle na kama labulen. Niyyata in fizge shi gaba ɗaya, kowa ya ga abin da kowa ya riga ya sani. Baffa ya daka mini tsawa, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Birgadiyen ne ya ɗaga hannu, har yanzu bayansa yana ga ƙofar.

“La, ya akhti, a'a 'yar'uwa. Kar ki ɗaga. Ko kin ɗaga ba zan juyo ba. Uwata ta yi wannan zaman. Da wani ya leƙa ta a lokacin, da ban san abin da zan yi masa ba.”

Na ce, “Da ɗan'uwanka ya murɗe mata hannu fa?”

Wadda ta amsa ita ce Inna. Matar da aka ce ba ta magana da baƙon namiji ta ɗaga murya daga bayan labule, da Larabcinta mai kyau, ba rawa ba gargada.

“Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka koma bakin aikinka. Ba kowa a ɗakin nan sai ni da Ubangijina. Yarinyar nan tun da ubanta ya rasu ba ta dawo daidai ba. Ku yi mata uzuri.”

Hannuna ya saki labulen da kansa. Na juya na ga Gwaggo tana gyaɗa kai cikin tausayi, Baffa yana cewa wallahi haka ne, ita ce ta fi shaƙuwa da shi. A zaure kuma kawunan masu shara ne suka jeru. Gado yana ciki yana minshari da lafiyarsa, ni kuma na zama wadda kanta ya taɓu.

Birgadiyen ya ce, “Kalas, shi ke nan, Hajiya. Allah ya ba da haƙuri.” Ya sa hularsa.

Na bi shi har bakin mota. Masu kallo suka dare. Ya bari dogon ya shiga ya tayar da inji, sannan ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

“Hancina lafiyarsa ƙalau. Turaren wuta ba ya rufe arge. Na san yana ciki, na kuma san ba ki da taɓin komai.”

“To me ya hana ka?”

“In na shiga ɗakin mai takaba na jawo ɗanta tana cewa ba kowa, gobe unguwar nan duka tana komisariya, kuma ni za a tuhuma. Ita aka yi wa laifi, ita ta ce ba a yi ba. In kin same shi a titi yana hauka, kira ni, zan ɗauke shi. In ta buɗe baki ta faɗa, zan ɗauke shi.”

“Ba za ta faɗa ba har ya kashe ta.”

Ya dube ni, na ga shi ma abin ya dame shi, amma damuwarsa ba ta ɗaga labule. Ya ce, “To ki riƙa zama kusa da ita. Kar ki bar su su biyu.” Ya hau mota. Baffa ya biyo su da ƙullin dabino, yana godiyar ta'aziyya da ƙarfi.

Da ƙurar motar ta kwanta, layi ya watse. Na koma ciki na tarar kuliyar maƙwabta ta ja ƙullin kifina ƙarƙashin turmi. Ina ƙoƙarin ƙwacewa Gwaggo ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Uwarki tana kira.”

Na shiga. Ɗakin ya cika da warin arge da hayaƙin turare. Gado yana kwance rub da ciki a kan gadon Inna, da takalmansa a ƙafa, caɓalin tsakar gida ya ɓata zanin gado. Inna tana zaune a ƙasa kusa da kansa, tana yi masa fifita da hannun hagu. Na daman yana kan cinyarta, ya kumbura har yatsun sun ƙi lanƙwasuwa.

Na durƙusa na ce, “Inna, hannun nan asibiti yake so. Ko mai ɗori a kira.”

“Safiyatu.”

Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai “ke” ko “yarinyar nan”, saboda kunyar ɗan fari. Sau da yawa ina ƙarama nakan so in ji yadda zai fito. Ashe haka zai fito, a bushe.

“Kin kawo wa ubanki 'yan sanda ƙofar gida, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Kin sa na yi ƙarya ina cikin takaba.”

“Ni na sa ki? Inna, dubi hannunki.”

“Hannuna ne.”

“Gobe wuyanki zai kama.”

Ta ci gaba da fifita. “In aka kai shi can aka rufe, wa zai ba shi abinci? Kin san abin da ake yi wa mutane a can? Shi kaɗai Alhaji ya bar mini a gidan nan. Ke kina da ɗakinki, kina da mijinki.”

Na ce ba don in wulaƙanta shi na yi ba, don in ta rayu ne. Na ce ko kwana biyu ya yi a can ya ji a jikinsa, wataƙila ya dawo hayyacinsa. Na faɗi abubuwa da yawa, wasu da kuka, wasu da faɗa. Ta bar ni na gama.

“Ki tafi gidanki,” ta ce. “Kar ki sake tako gidan nan sai na fita takaba. Na gaya wa Baffanki.”

Na ji kamar ban ji daidai ba. “Wa zai yi miki wanki? Wa zai dafa miki?”

“Shatu tana nan.”

“Gwaggo jibi za ta koma Kousseri, da bakinta ta faɗa.”

“Auta yana nan.”

Na dubi autan. Miyau yana zuba daga bakinsa a kan matashin Baba. Na buɗe baki in ce ba inda za ni, ko za a yanka ni. Amma na san Inna. In na ƙi, za ta ce ba ta yafe ba, kuma a gaban Baffa za ta faɗa, daga nan ko bayan takabar ba ni da ƙofar shiga. Na yi kiran 'yan sanda don a raba ta da shi, ga shi ni aka raba da ita. Na miƙe, na gyara mayafi.

Har na kai bakin labule ta ce, “Tsaya.”

Na juyo da sauri. Wallahi na zaci ta sauko.

Ta nuna ƙafafun Gado da haɓa. “Cire masa takalman nan kafin ki tafi. Ya ɗaure igiyar da ƙarfi, hannuna ba zai iya ba.”

Na tsaya ina kallonta, ita kuma tana kallon ɗanta. Sannan na dawo na durƙusa a ƙarshen gadon. Igiyar ta jiƙe ta ƙulle, sai da na sa haƙori. Na cire na dama, na cire na hagu, na jera su a bakin ƙofa. Ko motsi bai yi ba.

Na fito. Baffa bai amsa sallamata ba. A bakin layi wani mai kilando ya tsaya ya tambaye ni ina za ni. Na ce Ngueli, amma ya ɗan jira. Na tsaya ina kallon ƙofar gidanmu, ina kasa kunne ko zan ji wani abu daga ciki. Mai babur ya gaji ya ce in ba tafiya zan yi ba shi zai wuce, magariba ta kusa. Na hau.